Babi na Bakwai: Gonar Baffa da Lissafin Shekaru

Alƙalin bai tambayi Baffa ko gonar tasa ce ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan a ranar, ina zaune a bencin baya, ɗan sakandare da aka ɗauko don ya riƙe wa tsoho jaka. Mun kwana muna bitar yadda kakanmu ya sare dajin, da inda ɗorawar iyaka take, da wanda ya dasa gambar da ta raba mu da maƙwabta. Duk wannan sai alƙali ya ajiye shi gefe, ya gyara tabarau, ya ce:

"Malam, tun da ka dawo daga tafiyar nan, a garin kake zaune?"

"A garin nake, Allah ya gafarta malam."

"Kana ganin suna noma ta?"

"Ta bakinta nake bi in za ni kasuwa."

"Shekara nawa ke nan?"

Baffa ba ya lissafi da kalanda. Ya ce ya dawo ne shekarar da soja suka yi canjin kuɗi. Magatakarda ya ɗaga kai ya ce 1984 ke nan. Mu kuma muna cikin 1998, lokacin ana ce wa kotun kotun yanki, kafin Kano ta mayar da su kotunan shari'ar Musulunci a 2000. Shekara goma sha huɗu.

"Mutumin basarake ne da kake tsoronsa?"

"A'a."

"Akwai jini tsakaninku, ko auratayya?"

"Maƙwabtaka ce kawai."

"To me ya hana ka magana?"

Baffa ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Kunya, Allah ya gafarta malam. Mutum yana da iyali, yana ci a ciki. Yaya zan yi in ce masa tashi?"

Ga yadda abin ya faro. Bayan farin farkon shekarun 1970, Baffa ya bar ƙauyenmu da ke ƙasar Tudun Wada ya nufi Riruwai aikin kuza, daga can ya zarce Jos. Da zai tafi, ya ba maƙwabcinsa aron gonar da baki, bayan sallar magariba, a gaban dattawa biyu. Duk kaka maƙwabcin yakan aiko wa kakarmu da dami biyu na dawa, wato galla. Da Baffa ya dawo, damin farko da aka kawo sai ya mayar, ya ce shi ba ya karɓar galla a hannun maƙwabci, su ci da yara. Mutanen gari suka yaba, aka ce Malam mutumin kirki ne. Shekara ta bi shekara, dattawan nan biyu suka rasu, mai aron ma ya bi su. 'Ya'yansa suka sa gonar a rabon gado, suka dasa mangwaro, ɗayansu ya sayar da kasonsa. Sai a sannan Baffa ya ɗauki sammaci.

Shaidar da ta rage masa tsohuwa ɗaya ce, wadda tun tana amarya take ganin ana shigo da damin nan. A shari'ar dukiya kuwa mace ɗaya ba ta tsayar da hujja. Ana son maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko namiji ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara. Alƙali ya yi wa Baffa izari, ya tambaye shi ko yana da sauran magana ko wata shaida. Babu. Magada suka yi alwala suka rantse cewa gonar ubansu ce, iyakar saninsu. Ban ma zarge su da ƙarya ba, don a cikinta suka buɗe ido. Muka fito, Baffa ya karɓi jakarsa, bai ce mini uffan ba har muka hau mota.

Abin da ya kayar da shi sunansa hauzi. Duk wanda ya yi karatun zaure ya kai ƙarshen Risala ya ci karo da shi, ko da bai lura ba. Mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya kawo hukuncin a taƙaice, Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus, suka faɗaɗa shi, kuma waɗannan littattafai su ne a kan teburin alƙalanmu har yau. Ma'anarsa ita ce: idan mutum ya riƙe gida ko gona shekara goma yana sarrafa ta kamar mai ita, yana gini, yana rushewa, yana dashe, ana danganta ta gare shi, wani kuma yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya taso daga baya ba za a saurari da'awarsa ba. Tsakanin 'yan'uwa da surukai wa'adin ya fi tsawo, kotunanmu kan ɗauki shekara arba'in, domin malamai sun san ɗan'uwa yakan kawar da kai ga ɗan'uwansa. In kuwa an san akwai gaba a tsakaninsu, sai a koma kan goma, tunda mai gaba ba ya kara. Dabba da tufa nasu bai wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba.

Hauzi yana da ƙofofi da yawa, kuma tambayoyin alƙalin nan ƙofofin yake ƙwanƙwasa wa Baffa ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wata ta buɗe. Shekarun da mutum ya yi a tafiya mai nisa ba a lissafa su, shi ya sa zamansa na Riruwai da Jos bai shiga ƙidaya ba. Yaro sai ya balaga ake fara masa lissafi. Wanda ya yi shiru don tsoron mai iko yana da uzuri. Babbar ƙofar kuma ita ce asalin shigar mai riƙon: in aka tabbatar aro ne, ko haya, ko jingina, ko amana, to ko shekara ɗari ya yi a ciki ba ta zama tasa. Da'awar Baffa ke nan, kuma gaskiya ce. Shaidarta ce ta mutu. Damin da ya mayar don kirki shi ne takardarsa. Da ya ci gaba da karɓa, ko da kwano ɗaya ne a shekara, da rabin gari sun zama shaidunsa, da magadan da kansu sun tashi suna ɗaukar damin a ka zuwa gidanmu.

Na daɗe ina jin haushin wannan hukunci. Sai da na girma na ga wasu shari'un gona, inda jikoki ke faɗa a kan abin da kakanni suka ƙulla da baki, kowa na kawo tsohon da zai tuna masa abin da yake so, sannan na fahimci abin da malamai suka hango. Ba cewa suka yi daɗewa tana halatta haram ba. Wanda ya san a ransa gonar ba tasa ba ce, hukuncin alƙali ba zai wanke shi gobe ƙiyama ba. Abin da suka ce shi ne, a al'adar mutane mai abu ba ya zura ido shekara goma ana cin abinsa, saboda haka shirunsa ya zama shaida a kansa. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma a kan wannan ta tafi: kundinta na Majalla, wanda aka kammala a 1876, ya hana alƙalai sauraron yawancin ƙararrakin da suka haura shekara goma sha biyar, amma ya bayyana cewa haƙƙin kansa bai faɗi ba, in wanda ake ƙara ya amsa da bakinsa sai ya biya. Inda gizo ke saƙar shi ne, al'adar da aka gina hukuncin a kanta ba ta yi daidai da ta Bahaushen ƙauye ba. Mu an tarbiyyantar da mu a kan kara da kawaici. Wanda ya bi bashinsa da zafi a ce ba shi da mutunci, wanda ya kai maƙwabci kotu a ce ya yanke zumunci. Halin da ake yabon mutum da shi a ƙofar masallaci, shi ake karanta masa a matsayin sallamawa a gaban alƙali.

Duk da haka, alƙali ya tambayi Baffa dalilin shirunsa. A kotun boko ba a cika yin wannan tambaya ba.

Dokar wa'adin ƙara ta boko daga Ingila ta zo mana. A 1623, zamanin Sarki James na Ɗaya, majalisarsu ta sa shekara shida ga mai bin bashi ko mai neman diyyar ɓarna. Na ƙasa kuma, dokar 1833 ta sa shekara ashirin, ta 1874 ta rage zuwa goma sha biyu. Da Turawa suka kafa kotunansu a nan, sai suka ce manyan dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairun 1900 su ma suna aiki a ƙasar nan. Ranar ce Lugga ya kafa tuta a Lakwaja, shekara uku kafin sojojinsa su fasa ganuwar Kano. Inda duk jiha ba ta yi tata dokar ba, waɗannan tsofaffin ake komawa gare su. Jihohin da suka yi nasu kuma ba su daidaita ba. Legas ta tsaya a kan shida ga bashi da yarjejeniya, goma sha biyu ga ƙasa, uku ga raunin jiki. Kaduna ta sa biyar ga bashi da ɓarna, goma ga ƙasa. Wannan ba labarin nesa ba ne ga mutumin Kiru da ke ba da masara bashi a Maƙarfi, ko na Doguwa da ke hulɗa da 'yan kasuwar Saminaka. In wanda ya ci kuɗin a can yake zaune, a can aka yi cinikin, to da wuya ƙarar ba a can za ta tsaya ba, kuma da agogon can za a auna shi.

Yadda ake aunawar ba shi da wuya, abin da ya sa yake da ban tsoro ke nan. Kotun Ƙoli ta bayyana shi a shari'ar Egbe da Adefarasin a 1987: a duba takardar ƙara a ga ranar da mai ƙara ya ce an yi masa laifin, a duba hatimin rajistara a ga ranar da ya shigar, a ɗebe wannan daga wancan. In ya haura, ko da kwana ɗaya ne, kotu ba ta da hurumin sauraro. Lauyan wanda ake ƙara zai miƙe tun kafin a kira shaida ko ɗaya, ya ce ƙarar ta makara, shi ke nan. Mai gaskiya ya koma gida da gaskiyarsa a aljihu. Rana ba ta ƙarya, in ji Hausawa, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Akwai 'yan sassauci. Ƙaramin yaro da mai taɓin hankali ana jinkirta musu. Wanda aka ɓoye masa zambar da aka yi masa, daga ranar da ya gano ake fara ƙirga. Mai bin bashi kuma, in wanda ake bi ya rubuta da hannunsa ya sa hannu cewa lallai ana bin sa, ko ya biya wani abu daga ciki, lissafi ya koma farko. Galla ke nan a rigar boko. Amma "wallahi ina sane, Alhaji, a ƙara mini haƙuri zuwa kaka" da aka faɗa a bakin rumfa ba ta tsayar da komai.

Zaman sulhu ma ba ya tsayarwa, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. A 1979 ma'aikatan kamfanin mai na ƙasa suna shimfiɗa bututu a tsohuwar Jihar Bendel suka ɓarnata amfanin gonar wani gida. Mai gonar ya yi ta rubuta wasiƙu, ana amsa masa, ana ce masa ana dubawa. Da ya gaji ya kai ƙara a 1985. Shari'ar, wadda aka sani da Eboigbe da NNPC, ta kai Kotun Ƙoli, a 1994 aka ce masa ya makara: musayar wasiƙu ba ta hana kwanaki tafiya, sai in ɗaya ɓangaren ya amsa alhakin a fili. Ina tuna wannan shari'a duk lokacin da na bi hanyar Zariya na ga inda aka share gonaki don bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar a 2020, da layin dogon Kano zuwa Kaduna da aka fara a 2021. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, ta kuma wajabta diyyar abin da ke kansa, shuka ko gini. Wanda yake ganin an tauye shi, hanyar da ya sani ita ce ta mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, sai kwamiti, sai a jira. Hanya ce mai kyau, sau da yawa ma ita ke biyan buƙata, ban ce a bar ta ba. Sai dai a riƙa bin ta ana duban kalanda, don lauya na iya shigar da ƙara a ci gaba da sulhu, in an daidaita a janye. Waɗanda aka tasa lokacin da gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, in jikan ɗayansu ya taso yau da ƙorafin diyyar kakansa, shekarun da za a fara ƙirga masa sun haura hamsin.

Mafi tsananin wa'adi shi ne wanda ya shafi hukuma. Akwai doka ta kare jami'an gwamnati, wadda asalinta na 1916 ne, Jihar Arewa ma ta sa irinta a kundin dokokinta na 1963. Ta ce duk wanda zai yi ƙarar jami'i a kan abin da ya yi, ko ya ƙi yi, a bakin aikinsa, to ya shigar cikin wata uku. Wata uku, ba shekara ba. A 1998, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da alƙalai ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ba ta tsaya kan mutum mai jini da tsoka ba, ta haɗa da ma'aikatu da hukumomi. Shi kansa mai ƙarar alƙali ne da aka yi wa ritaya, kuma wa'adin ya kama shi.

Shari'u biyu sun isa su nuna kaifin wannan wuƙa. Wata yarinya 'yar firamare a Jihar Imo ta rasa ido sanadiyyar bulalar malami, aka kai ƙara bayan fiye da shekara, Kotun Ƙoli a 1991 ta ce an makara. Wani ma'aikaci mai suna Adigun kuma ya yi haɗari a motar ma'aikatarsu a 1978, ya nakasa, ya shafe watanni yana jinya har ƙasar waje, ya shigar da ƙara a 1981. A 1993 alƙalan Kotun Ƙoli suka nuna tausayinsu a fili, suka kuma kori ƙarar, domin a fassararsu daga ranar haɗarin ake ƙirge, ba daga ranar da ciwo ya warke ba. Yanzu a ɗauki ɗan acaɓan da motar wata hukuma ta buge a Kwanar Dangora. Kafin mai ɗori ya kwance masa karan ƙafa, kafin ya taka, kafin 'yan'uwa su gama zaryar "an ce a dawo mako mai zuwa", wata ukun ya tafi. Ingila da muka kwaikwayo dokar daga gare ta, wa'adinta wata shida ne a dokar 1893, kuma ta soke kariyar gaba ɗaya a 1954. Mu muna nan riƙe da ita. A ganina babu wata hujja da ta rage mata, illa tana yi wa masu iko daɗi.

Kotuna sun rage mata kaifi ta wasu wurare. Ba ta shafi ƙarar ƙwato ƙasa ba, ba ta shafi saɓa yarjejeniya ko kuɗin aikin da aka yi ba, kuma jami'in da ya fita daga hurumin aikinsa ko ya yi da mugun nufi ba ya fakewa a bayanta. A kan korar ma'aikaci kuwa Kotun Ƙoli ta yi magana biyu: a wata shari'a ta ce dokar ba ta shafi yarjejeniyar aiki ba, a 2021 a wata shari'ar ta yi aiki da ita. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da aka miƙa wa takardar sallama, gara ya ɗauka wata uku gare shi. Ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam ce kaɗai ƙa'idojin kotu na 2009 suka cire mata wa'adi, kamar wanda aka tsare ba bisa doka ba.

Abin dariya, akwai wa'adin da kowa a yankinmu ya haddace: kwana 21 na ƙarar zaɓe. Bayan zaɓen 2019 mazaɓun tarayya biyu na wannan yanki duka sun je kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sa aka koma rumfunan zaɓe a Janairun 2020. Alhassan Ado Doguwa ya koma kujerarsa ta Tudun Wada da Doguwa, Abdulmumin Jibrin Kofa ya rasa ta Kiru da Bebeji a hannun Ali Datti Yako. A lokacin, mai shayi ma zai lissafa maka kwana 180 na kotun zaɓe da kwana 60 na ɗaukaka ƙara. Tambaye shi wa'adin bashin da yake bin mai gidan burodi, sai ya ce ai bashi ba ya ruɓewa. A wurin alƙalin shari'ar Musulunci maganarsa tana da ƙafa. A babbar kotu ba ta da ita. Kuma reshen makarantar horon lauyoyi ta ƙasa yana nan Bagauda, cikin ƙasar Bebeji, inda duk shekara ake koya wa ɗaruruwan ɗalibai daga kowane lungu na Najeriya wannan lissafi, manoman da ke bayan katangar kuwa ba wanda ya taɓa gaya musu.

Baffa ma an ba shi kwana 30 ya ɗaukaka ƙara in bai gamsu ba. Bai ɗaukaka ba. Ya ce ya bar wa Allah, ya rasu bayan shekara huɗu, kuma cikin waɗanda suka ɗauki makararsa har da biyu daga magadan nan.

Bara ƙanena, ɗan Baffa na uku, zai koma Kano da zama, ya ba wani abokinsa aron gonarsa ta fadama. Ya kira ni, na rubuta musu rabin shafi da Hausa: gonar wane ce, iyakarta gabas da yamma, kudu da arewa, aro ce ba kyauta ba, galla kwano biyu na shinkafa duk kaka. Muka je gaban mai unguwa da shaidu, muka zaɓi matasa da gangan. Abokin ya karɓi biro yana murmushin da bai kai ciki ba, ya dube ni ya ce, "Yaya, yanzu har mun kai ga takarda?" Ƙanena ya sunkuyar da kai, na ga kunyar ubansa ta taso masa har wuya, saura kaɗan ya ce a bar shi. Mai unguwa ne ya cece mu. Ya ce, "Sa hannu, ɗana. Ni ma na san gonar da ake magana."

Da kaka ta yi, shinkafar ta iso Kano a cikin buhun taki, kwano biyu cif, an ɗaure bakin da igiyar rama. Ƙanena ya buga mini waya yana tambaya ko ya mayar, don abin ya yi masa nauyi. Na ce ya dafa, ya kuma rubuta ranar a bayan takardar.